Rumasa'u da Kwanon Inna Saude

Kafin rana ta gama leƙowa ta bayan duwatsu, Rumasa'u Abbagana ta riga ta isa bakin kasuwar Mubi, inda matan Digil ke sauke kwandunan yakuwa da kuɓewa da gauta. Ba sayayya kaɗai ke kai ta ba, har da tambaya. Wannan yakuwar ta fadama ce ko ta tudu? Me ya sa ganyen waccan ya fi ja? Ku a gida da gyaɗa kuke miyarta ko da wake? Akwai wata mai kuɓewa da tun daga nesa take fara dariya in ta hango ta, ta ce da Hausarta ta Mubi: "Ga mai tambaya ya zo. Zai tambaya na awa ɗaya, ya saya na miya ɗaya." Rumasa'u ba ta musu, don gaskiya aka faɗa.

Ƙarfe takwas tana gida, ta kafa waya kusa da taga. Dole ta gama ɗaukar girki kafin goma, domin daga nan hasken yakan yi ƙarfi, miya ta fito a hoto kamar ruwan wanki. Bayan azahar ɗalibanta su cika tsakar gida, kowa da wayarsa da tukunyarsa. Shekara goma ke nan tana haka, har shafinta na girki ya zama sana'ar da take ci da ita, take kuma ciyar da wasu.

Duk wanda ya saba kallon bidiyonta ya san wani tsohon kwanon langa mai ɓantaren baki da ke rataye a ƙusa bayan kanta. Ba ta taɓa zuba abinci a ciki a gaban waya ba. Tun watan jiya ƙusar take fayau, kuma masu bibiyar shafin sun dame ta: ina kwanon ya tafi? Ita ba mai ba da labarin kanta ba ce, sai ta ce musu ya koma gidansu. Ni ma tambayar ta hana ni sakat, na bi mahaifiyarta da ɗalibanta da mutanen Gella, wani gari kusa da Mubi, har na haɗa zancen. Ashe sunan wata tsohuwa ne ke rataye a wannan ƙusa duk shekarun nan.

Lokacin da ta gama makaranta ba ta samu aiki ba, sai ta fara ɗaukar burabuskon gidansu tana sa wa a Fesbuk. Iyayenta 'yan asalin Borno ne, kuma mahaifiyarta, Ya Zara, ba ta ga dalilin wannan wahala ba. "Abinci ci aka ce a yi," in ji ta, "ba a tsaya ana masa hoto har ya huce ba." Amma mutane suka fara kallo, Rumasa'u kuma ta fara fita neman girkin da ba a gidansu ake yi ba.

Haka ta kai ga Inna Saude a Gella. Iyayen Inna Saude maƙera ne da suka zo daga ƙasar Katsina, ita kuwa shekara arba'in tana yin daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato ƙwayar yakuwa. Duk ranar kasuwa kafin azahar farantinta yake ƙarewa. Ta karɓi baƙuwar hannu biyu, ta nuna mata tankaɗe da dahuwa da daka da yadda ake rufe tukunya kwana da kwanaki har ta nuna. Ruwan tokar da ake dafa gurguzun da shi ne kawai ta riga ta zuba tun kafin motar Mubi ta iso, don haka da baki ta faɗa: ludayi biyar. Rumasa'u ta koma gida, ta rubuta ludayi biyar a ƙarƙashin bidiyon, ta sa sunan Inna Saude da garinta, ta sake shi.

Bidiyon ya yi tafiyar da ba ta taɓa gani ba. Mata suka gwada a Mubi da Yola da wuraren da ba ta ma san sunansu ba. Bayan mako biyu sai ƙorafi ya fara zuba: daddawar ta fito baƙa ƙirin, ga ɗaci, ga zafi a harshe. Ba wanda ya ce Rumasa'u ta yi kuskure. Cewa aka yi ashe toka ce Inna Saude ke ɗura wa mutane. Zancen ya hau mota ya sauka Gella, kasuwa uku a jere tsohuwar tana komawa gida da farantinta yadda ta fito da shi.

Rumasa'u ta je Gella, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Saude.

"Inna, na zo neman gafara. Yau ɗin nan zan goge bidiyon."

"In kin goge a waya, za ki goge a bakin mutane?" in ji Inna Saude. Ta dube ta da kyau, sannan ta ce, "'Yar nan, tambaya ɗaya zan miki. Kin taɓa yin daddawar da hannunki kafin ki koya wa duniya?"

"A'a, Inna."

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, kuma Rumasa'u ta ji cewa da ta yi da ya fi mata sauƙi. Shiga ɗaki Inna ta yi, ta fito da kwanon langa cike da daddawa. "Ungo. Kin dai san ba a mayar da kwano fanko. Amma ban son shinkafa, ban son nama. Abin da na zuba miki shi za ki zubo mini, na hannunki."

Nan fa aka shiga hidima. Wanda ya san daddawar batso ya san ba ta yin sirri, maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar ko wani abu ya mutu a gidan Abbagana. Ya Zara ta kori tukunyar zuwa bayan ɗakin kaji. A motar Gella fasinjoji suka zuge gilashi, Rumasa'u na rungume da kwano tana kallon gefe kamar ba ita ba. Inna Saude ta buɗe, ta shinshina, ta ce, "Saura." Ta juye a tasa, ta sake cika mata kwanon da tata. Karo na biyu Rumasa'u ta ƙara dahuwa. Saura. Karo na uku ta ƙara kwanakin rufi. Saura. Kowane zuwa kuma tana wucewa ta kasuwa, tana ganin gurbin da farantin Inna ya saba zama, wata mai barkono ta shimfiɗa buhu a wurin. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Zuwa na huɗu ta bar kwanon a gida, ta je da ludayin ƙarfe na kicin ɗinsu a jaka, domin ta bi komai ɗaya bayan ɗaya, abu guda ne kaɗai ba ta taɓa gani da idonta ba.

"Inna, wai ina ludayin da kike awon tokar?"

Inna Saude ta miƙa hannu saman danga, ta zaro wani ɗan ludayin duma da ya yi baƙi don tsufa, cikinsa bai fi ƙwan agwagwa ba. Na mahaifiyarta ne. Rumasa'u ta ɗebi ruwa da shi ta zuba a na ƙarfe, sai da ta yi sau uku ya cika. Ashe duk matar da ta bi bidiyon ta zuba toka ninki uku.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Yo ni na san akwai mai awon toka da ludayin miya? Ke da kika tambaye ni har sunan kakata, ba ki tambayi ludayi ba."

Kwano na gaba da ta kai, tsohuwar ta shinshina, ta gutsura, ta ɗanɗana. Sai ta ce, "Ɗora tukunya, mu kaɗa kuka." Rumasa'u ta sake bidiyo, ta fara da fuskarta tana faɗin laifinta da bakinta, sannan ta ajiye ludayan biyu gefe da gefe kowa ya gani. Ranar kasuwa ta zauna kusa da farantin Inna da tukunyar miya, tana roƙon masu wucewa su ɗanɗana. Wasu sun dawo nan take, wasu sai da damina ta zagayo, akwai kuma waɗanda ba su dawo ba har yau, ba za a ɓoye ba. Kwanon dai Inna ta ce ta riƙe shi, ta rataya inda za ta riƙa ganinsa.

Daga nan ta kafa wa kanta doka: ba ta sakin girkin kowa sai ta dafa da hannunta, da ma'aunin da kowa ke da shi a gida, ta kai wa mai shi ya ci ya ce ya yi. Wannan jinkirin da abokan sana'a suke mata dariya a kai shi ya zama jarinta. Mutane suka gane in Rumasa'u ta ce cokali biyu, cokali biyu ne. Masu kayan yaji suka fara kawo talla, masu biki suka fara nema, sai kuma masu son koyo. Sama da talatin sun wuce ta hannunta, da yawansu yanzu suna da nasu shafukan. Ephraim, ɗaya daga cikinsu, mai ɗaukar bidiyon gasasshen kifi, ya ce mini sau uku ta mayar da shi wurin mai kifin da ya koya masa. "Na ce Anti, ai ya yi daɗi. Ta ce ba ni zan faɗa ba, ba kai za ka faɗa ba. Na ji haushi ranar, amma yanzu ni ma haka nake yi wa nawa ɗaliban."

Ke ce, Rumasa'u, mai tambayar da ba ta jin kunyar cewa ban sani ba. Ke ce kika ɗauki laifinki a ka kika kai shi tsakiyar kasuwa, alhali maɓalli ɗaya za ki danna ki huta. Kin koya wa ɗalibanki haske da yankan bidiyo, wannan ko'ina ana koya. Abin da ba a koyarwa a ko'ina shi ne cewa kowane girki yana da mai shi, kuma mai shi yana da suna.

To, ina kwanon ya tafi? Inna Saude ta tsufa, ido ya tafi, hannu ba ya ɗaga taɓarya. Shekara biyu ba ta ɗora tukunyar gurguzu ba, kuma cikin 'ya'yanta ba wanda ya koya. Jikarta Juwairiya, wadda a Yola ta girma, ta dawo da son koyo, amma kakar ba ta iya nuna mata. Sai ta zo Mubi ta zauna cikin ɗaliban Rumasa'u. Wata uku tana ɓata gurguzu. Ranar da ta yi wadda ta kai, Rumasa'u ta sauke kwanon daga ƙusa, ta wanke, ta ce wa Juwairiya ta zuba a ciki, suka hau motar Gella tare.

Juwairiya ce ta ba ni sauran. Inna ta laluba bakin kwanon, yatsanta ya tsaya a wurin ɓantaren, ta gane shi. Ta shinshina ta ce, "Rumasa'u ce ta yi wannan."

"A'a, Kaka, ni na yi."

Tsohuwar ta tambaya, "Da wane ludayi?" Aka gaya mata Rumasa'u ta sa an fafe mata duma daidai awon nata. Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi, ta ciro ɗan baƙin ludayin nan, ta damƙa wa jikarta. Sannan ta juya inda take jin numfashin Rumasa'u, ta ce, "'Yar nan, yau kin mayar da kwano. Bar shi nan."

Wayar tana cikin jakar Rumasa'u, caji cike, ba ta ciro ta ba. Kuka ta yi ta yi a mota har suka shigo Mubi.

Mun gode, 'yar Abbagana. Allah ya ƙara wa hannunki albarka, ya ba Inna Saude lafiya. Ku kuma masu waya a hannu, da ke ɗaukar miyar iyaye da kakanni kuna watsawa, ku yi koyi da ita: ku dafa da kanku, ku koma wurin mai shi, ku tambayi ludayi. Ranar kasuwar da ta wuce, Juwairiya ta ajiye faranti a tsohon gurbin kakarta, kuma kafin azahar ya ƙare.