Haƙoran Baba Ila

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Baba Ila, wani dillalin raƙuma daga Gangara, ya shigo ɗakinmu na duba haƙori a Tanut, ya rufe baki da rawani. Lokacin ina mataimakiyar likita, ni ke fara duba mutum kafin ya ga majo, wato shugaban sashenmu.

Da ƙyar ya sauke rawanin. Haƙoran jawur da goro, dasashi kuma duk ya ɗaye yana jini. Ashe wani garin sa haƙori fari ya saya a kasuwa, yana haɗawa da kanwa da lemun tsami yana dirza.

Na ce, “Baba, da girmanka, wa za ka burge?”

Ya yi ƙasa da murya. “Ƴata, matata Hajiya ce. Ta daɗe ba ta gani, ciwon yana ne ya rufe mata ido. An yi mata aiki a Damagaram, jibi za a buɗe. Rabonta da ganina tun haƙorana farare. Kar ta buɗe ido ta tsorata.”

Dariyar da ta taso mini ta koma, tausayinsa ya kama ni.

Majo ya yi masa bayani: jan goro a saman haƙori yake zama, na'ura na kankare shi, amma tsami da kanwa ɓawon haƙorin suke ci, shi kuwa ba ya dawowa. Sai dai ba a sa na'ura kan ciwo. Muka ba shi maganin kurkure baki, muka ce ya dawo in dasashi ya warke. Ya roƙa, majo ya ƙi. Ya tafi kamar ya yi kuka.

Bayan sati suka zo tare, Hajiya na tafe ba mai jan ta. Na tambaye ta ko ta tsorata.

Ta harare shi. “Ni da nake ɓare masa goron da hannuna kullum safiya? Da na gan shi da fararen haƙora, da na ce canza min miji aka yi.”

Mun wanke masa dai, ita ta riƙe masa rawani. Tun ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata: wanda ya zo neman farin haƙori, ku tambaye shi don wa yake nema kafin ku ce ya buɗe baki.