Kamerar da Ya Fanta Ta Ɗora a Cinya

Shekara huɗu ke nan ni ke ƙirga zagaye a tseren moto, wato babur, da ake yi bayan girbi a wani fili kusa da Gaffati. Zagaye goma sha biyu ne, kowane ɗaya kilometir guda da metir ɗari huɗu, lanƙwasa bakwai. Ta biyar ita ce muguwar, inda hanya ke karyawa hagu tsakanin wata kuka da tudun yashi. A nan abin Ya Fanta ya faru, amma daga shagonta ya taso.

Fanta 'yar wan mahaifina ce. Mu Barebari ne, shi ya sa muke ce mata Ya Fanta kamar yadda ake kiran babba a gidanmu. Ta gaji shagon hoto a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, daga mahaifinta, ɗaki ɗaya da labule shuɗi da kujerar ƙarfe. Shekara goma sha tara tana ɗaukar hoton katin shaida da na 'yan lakol, wato 'yan makaranta, masu shirin jarrabawa. Da can mutum talatin kan zauna kan kujerar nan a yini. Da wayoyi suka cika gari, sai ta koma shida, wata rana huɗu. Mijinta Abdul'aziz ya ce ta rufe ta zuba kayan masarufi a ɗakin. Ta ce ya ba ta zuwa ƙarshen kaka. Idan ba ta samo wasu masu sayen hoto ba, za ta cire labulen da hannunta.

Ni na kai mata labarin 'yan tsere. Mahaya ashirin da uku ne, kowanne na ƙaunar motonsa fiye da abincinsa, kuma babu mai hoton kirki ko ɗaya. Abin da ya jawo haka kuwa sananne ne. Mu a nan idan aka ɗaga maka kamera sai ka dube ta, ka gyara zama. A ɗauke ka kana kallon wani waje kamar an raina ka ne. Shekara biyu da suka wuce wani baƙo ya tsaya a lanƙwasa ta biyar da kamera mai dogon ido, wato gilashin da ke zuƙo abu daga nesa. Lawali, wanda ya fi kowa gudu, ya hango shi, ya saki hannun hagu ya ɗaga gilashin kaskensa, wato hular kwano, don fuskarsa ta fito. Ya faɗi, ƙashin kafaɗarsa ya karye biyu. Tun ranar shugaban ƙungiyar 'yan tsere, Alhaji Tahiru mai sayar da kayan moto, wanda kowa ke kira Parzidan, ya kafa doka: duk mai hoto ya tsaya ƙarƙashin rumfa, bayan igiyar da ke raba 'yan kallo da hanya. Na auna da takuna, daga rumfar zuwa lanƙwasar metir ɗari biyu da ashirin ne. Daga can da waya, mahayi bai wuce ƙuda a kan bango ba.

Fanta ta je wurinsa a shagonsa, ina biye da ita.

"Hajiya Fanta, ki sayi dogon ido irin na mutanen Yamai," in ji Parzidan. "Ki zauna inuwa, a kawo miki lemu. Wa zai hana ki?"

"Alhaji, aljihuna zai hana ni."

"To ki bar wa masu aljihu. Ni ba zan sake ɗaukar ɗan mutane a bayan mota ina salati ba."

Abin da ta tara jika ɗari da tamanin ne, wato sefa dubu ɗari da tamanin, har da kuɗin tsohon injin wanke hoto na mahaifinta da ta sayar. Muka nufi wurin Habibu, mai kawo kamerori okaziyo, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Ya fara fito da dogon idon, abin da su ke kira obzektif, tsawonsa ya kai tabarya ƙarama. Jika ɗari shida, ba tare da kamerar ba. Fanta ta ɗaga shi, ta ce ko kyauta ne sai ta yi hayar jaki.

Sai ya kawo wata baƙar kamera ƙatuwa da ido matsakaici, duka a jika ɗari da saba'in.

"Wannan in kika rataya, Ya Fanta, ko zandarma sai ya sara miki."

"Ta wa ce a da?"

"Ta wani mai ɗaukar biki."

Ta sa ya duba a na'urarsa sau nawa aka taɓa danna ta. Dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Fanta ta ce wannan ta halarci aure fiye da limamin unguwa, a bar ta ta huta. Amma ba ta mayar ba tukuna. Ta nuna wata 'yar ƙarama a ƙasan kanta, fentinta ya goge a gefe.

"Waccan ta mata ce masu yawon buɗe ido," in ji Habibu. "Ba wanda zai ɗauke ki da daraja."

"Ni ma macen ce. Miƙo."

Shekararta takwas, an danna ta sau dubu tara kawai. Tana ɗaukar hoto goma sha ɗaya a sakan guda, kuma allon bayanta na ɗagowa sama, har mutum ya iya riƙe ta a ciki yana kallon ƙasa. Akwai ido ɗan madaidaici da ke tafiya da ita, mai zuƙowa daga milimita hamsin da biyar zuwa ɗari biyu da goma. Habibu ya faɗi gaskiya, ya ce idon ba ya son duhu. Fanta ta ce ba a tseren moto da asuba.

Ta roƙi aron duka biyun na awa ɗaya, ta bar masa ni jingina, sannan ta canza shawara ta ce ni take bukata, ya riƙe jakarta. Muka zauna bakin titi inda 'yan kabu-kabu masu haya da moto ke karya kwana. Ta ce in ƙirga mata abu biyu: hoto nawa ya fito tas, kuma mutum nawa ya waiwayo. Da ƙatuwar a fuskarta ta ɗauki hamsin. Ashirin da tara sun fito tas. Talatin da ɗaya sun waiwayo, uku sun ɗaga hannu, ɗaya ya juyo ya tambaya nawa ne. Sai ta zauna kan benci, ta ɗora ƙaramar a cinya, ta ɗago allon, ta sunkuyar da kai kamar mai tsince shinkafa. Hamsin kuma. Talatin da shida tas. Waɗanda suka waiwayo biyu, ɗayan ma mai ƙosai yake kallo a bayanmu.

"Ka gani ko?" ta ce. "Shekara goma sha tara ina ce wa mutane duba nan. Ba kamerar suke dubawa ba, fuskata suke nema a bayanta. In ba fuska, ba ruwansu."

Ta saya da idon a jika ɗari da arba'in da biyar. Sauran ta sayi batiri biyu da kart ɗin ajiye hotuna mai saurin rubutu, don Habibu ya ce mai arha zai shaƙe a tsakiyar ɗauka. Ya so ya ƙara mata ido na biyu. Ta ƙi. Ta ce a filin da moto ashirin ke tayar da yashi, wanda ya buɗe kamera don canza ido ya gama da ita. Ido ɗaya, ta naɗe shi da leda ta ɗaure da robar tsohon tub na taya.

Na rubuta lissafin nan a takarda muka koma wurin Parzidan. Ya karanta har ƙasa, ya ninke.

"'Yan kabu-kabu daban, yarana daban. Doka tana nan."

"Dokarka ta kai ina, Alhaji?"

"Duk inda igiyata ta kai."

Fanta ta yi masa godiya sosai, har ni na yi mamaki. Da muka fito ta tambaye ni cikin lanƙwasa ta biyar filin wa ne. Na ce gonar wata tsohuwa ce, Inna Maimuna, ƙungiya ta nemi haya ta hana saboda gyaɗarta, shi ya sa hanyar ta kewaye ta. Ta sake tambaya, cikin shekara huɗu mutum nawa ya faɗi a wurin. Sha huɗu. Nawa suka zame zuwa ciki? Ko ɗaya. Duk waje moto ke jefa su, wajen tudun yashi.

Ranar Alhamis ta hau kabu-kabu zuwa Gaffati da sukari da ganyen shayi da sabulu uku. Ranar Asabar, ranar tseren, da hantsi, ina kan teburina da takardar ƙirga, na hango mata biyu a gonar nan zaune kan tabarma bayan tarin gyaɗa, metir goma sha biyar daga hanya. Ɗaya na tsinka. Ɗayar ta sunkuyar da kai kan cinyarta.

A zagaye na huɗu Parzidan ya gane ta. Ya zo kaina.

"Kai, waccan ba yayarka ba ce?"

"Tana kama da ita, Alhaji. Lamba tara ya wuce, ka ɗan matsa."

Ya yi kamar zai tsallaka, ya tsaya. Shi da bakinsa ya kafa cewa ba mai taka hanya sai an sauke tuta, har ya taɓa korar ɗan ƙanwarsa kan haka. Zagaye takwas ya yi tsaye a bakin igiya, hannu a baya, duk lokacin da ayarin ya doshi kukar sai in ji yana ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya faɗi. Lawali ya zo na ɗaya, da tazarar sakan shida.

Tuta na sauka ya tsallaka, mu kusan goma a bayansa. Ya gaida Inna Maimuna tukuna, don sa'ar mahaifiyarsa ce.

"Inna, kin san abin da baƙuwarki ke yi?"

"Tana taya ni hira. Kai tun da kuke tayar mini da ƙura ka taɓa zuwa?"

Ya juya ga Fanta. "Hajiya, kin karya mini doka."

"Igiyarka ga ta can, Alhaji. Ni nan gonar mutane nake. Amma zauna ka duba. Idan ka sami mahayi ɗaya da ya dube ni yana gudu, ba sai ka kore ni ba, ni zan tafi, kuma ba zan dawo ba."

Ya zauna kan buhun gyaɗa da babbar rigarsa. Hoto ɗari shida da talatin da takwas, ya ce sai ya ga kowanne. Ni ke ƙirgawa, Fanta na matsa maɓalli. Ya ɗauke mu minti arba'in. Da yawa sun lalace, wasu rabin taya ne kawai, wasu ƙura zalla. Ɗari biyu da uku sun fito tas. A cikinsu ana ganin yashi na tashi daga tayar baya, ana ganin gwiwa ta kusa shafar ƙasa, kowane kaske kuma ya juya wajen mafitar lanƙwasa, inda ya kamata. A na ɗari biyar da tara Parzidan ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Wannan fa? Ga shi yana kallon ki ido cikin ido."

Lamba sha bakwai ne, wanda sarƙar motonsa ta tsinke.

"Wannan da ƙafa yake tafe, Alhaji, tura moton yake. Ruwa ma ya roƙe mu."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ƙarasa sauran, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce dokar rumfa tana nan ga duk mai ɗaga kamera a fuska, gonar Inna kuwa ba shi da iko da ita. Sai dai zai sa a jera tsofaffin tayoyi goma a gaban tabarmar, kuma kada ta matso ko taku ɗaya. Fanta ta ce sha biyar, don Inna ma na da rai. Ya ce sha biyu. Ta ce ya kawo.

Ranar Litinin mahaya goma sha bakwai cikin ashirin da uku suka zo shagon Birni, baburansu sun toshe lungu har maƙwabta na mita. Abdul'aziz da kansa ya fito da benci. An buga hoto arba'in da ɗaya a ranar, kuma wata ƙungiya daga wajen Dakusa ta aiko tambaya ko za ta je musu.

Lawali ne ya zo ƙarshe. Ya daɗe yana kallon nasa, moto a kwance kamar zai sha ƙasa.

"Ya Fanta, ya yi kyau. Amma wa zai san ni ne? Fuskata ba ta fito ba. Ba za ki ɗauko ta daga hoton katina ki manna a wurin kasken ba? An ce ana yi."

"Ana yi. Ba a nan ba."

"Zan ƙara kuɗi."

"Lamba tara ce a gaban moton, duk Damagaram an san mai ita. In fuska kake so, ga kujera can, zauna ka dube ni, wannan aikina ne tun kana rarrafe."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Sannan ya ce a buga masa na tseren a mafi girman takarda da take da ita, guda biyu, ɗaya na mahaifiyarsa. Ya cire hula, ya je ya zauna kan kujerar ƙarfen ya gyara wuyan rigarsa.