Batirin da Hambali Ya Kai Sabon Gari

Hambali ba ya taɓa wayar mota sai ya fara shafa kan batir da babban yatsa ya shinshina. Haka yake yi tun da ya kafa bencinsa a gindin wata dalbejiya a Kura, yana gyaran wutar motoci. Babban abin aikinsa wata tsohuwar mita ce mai allura, wadda maigidansa ya bar masa. Da rani, in tumatir ya nuna a gonakin bakin kanal ɗin ban-ruwa, motocin a-kori-kura kan yi layi a gabansa, don ba direban da ke son batir ya mutu masa da ɗanyen kaya.

A ranin 1987 allurar nan ta fara yi masa gardama. Yakan fito da mitar rana, ya matso da ita, ya nisanta, layukan duk su haɗe. Matarsa Kubra ta koma faɗa masa lokaci kafin ya duba agogo.

Wata Laraba Sammani direba, abokinsa tun suna kiwon awaki, ya kawo mota a duba masa caji. Hambali ya leƙa allura ya ce lafiya lau. Motar ta mutu bayan Kwanar Ɗangora da tsakar rana, rabin kwandunan tumatirin da ta ɗauko suka narke. Da Sammani ya dawo bai yi faɗa ba. Ya zauna a benci ya daɗe yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce, "Malam Hambali, ko dai mitar ce ta tsufa?"

"Ita ce," in ji Hambali.

Suka bar maganar a nan. Amma cikin makon direbobi biyu suka wuce dalbejiyar ba su rage gudu ba, kuma Hambali ya san kuskure ɗaya ya rage masa.

Ya ji labarin sabuwar mita mai nuna lamba. Ranar da zai shiga Kano ya ciro batirin da ya fi sani, wanda ya cika da hannunsa, ya sa a buhu ya hau bas da shi, kwandasta na ta mita a kan nauyi. A wani shago a Sabon Gari mai kaya ya jera masa guda uku. Babbar ciki sai mutum ya sayar da saniya, Hambali ya yaba mata ya ture ta gefe. Ƙaramar ita ce mai araha, lambobinta kamar tururuwa. Ya kwance buhu ya ɗora ta a kan batirinsa sau uku, ta ba shi amsa uku. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo kasuwa da shaidarsa ba.

Ta tsakiyar ta faɗi abu ɗaya duk sau ukun. Hambali ya tambaya me zai faru in mutum ya murɗa makunnin inda bai dace ba. Aka ce tana da fis a ciki, shi ne zai ƙone, a canza. Ya tambayi irin batirin da take ci, ya ji mai gyaran rediyo na Kura yana sayarwa. Sai mai shagon ya haɗa bakin wayoyinta biyu, ta yi wani siririn kuka, alamar wuta na wucewa. Hambali ya ce a sake. Daga nan ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya karanta sha biyu da ɗigo shida, bai ko runtse ido ba. Ita ya ɗauka.

Motar Sammani ya fara dubawa. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana saurare, har ya zo kan wadda mitar ta ƙi yi wa kuka. Ta tsinke ne a cikin robarta.

"Tsuntsu ka sayo ke nan," in ji Sammani.

"Ya fi ka faɗin gaskiya, kuma ba ya cin gyaɗata."

Layin motoci ya dawo. Abin da ya rage shi ne rubutun da ke kewaye da makunnin, ƙanana ne ƙwarai. Hambali ya jiƙa ƙaro, ya riƙa ɗiga shi a gefen kowane wuri don yatsa ya gane. Ya yi wa wurin batir, ya yi wa wurin kuka, ya yi wa wurin kashewa. Saura wurare goma sha wani abu. Ya rufe gwangwanin ƙaron, ya ce sai an gama tumatir.

An gama tumatir, aka shiga shinkafa, albasa ta biyo baya. Ɗigo ukun nan suka ci da shi da iyalinsa har ƙarshen aikinsa, na huɗun bai taɓa ɗiga shi ba.