Jarkar Gazuwal da Ban Ambata a Takardar Ƙara Ba

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin gwamnati, mafi yawansu a nan Garwa, kuma abin da aka san ni da shi shi ne alƙalami. Mu da muka yi karatu a zamanin da malami ke dukan yatsun yaro saboda ɗigon tawada guda, mun tashi muna ganin girman takarda. Ko bayan da na yi ritaya mutanen unguwa ba su daina sallama a ƙofata ba. Wannan yana son takardar neman aiki, wancan yana son a rubuta masa koke zuwa wani ofishi. Nakan rubuta musu da Faransanci mai tsabta, ba na karɓar komai, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yadda ake faɗin cewa takardata ba ta komawa gida ba amsa.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gazuwal, wato man dizal, da ita nake zuwa gonata a bayan Ngong. A cikin gari gidan mai ɗaya nake zuwa, kuma mutum ɗaya ne ya yi shekara huɗu yana zuba mini mai. Magidanci ne, Kirista, daga duwatsun wajen Mora. Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa zuwa Garwa ne bayan da hare-hare suka hana mutanen ƙauyensu zuwa gona, kuma wannan aikin na gidan mai shi ne ya riƙe su a gari. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ladabinsa na gida ne. Da ya hango motata sai ya taso yana cewa, "Baba, an fito lafiya? Yaya tsohuwar?" Tsohuwar da yake nufi motar ce. Yakan goge mini gilashi ba tare da na nema ba.

Akwai abin da na ɓoye wa kowa a lokacin. A majalisarmu ta bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci, babu wanda ya kai ni sukar zuwa-zuwa, wato man nan da ake shigowa da shi daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya, ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Nakan ce yana kashe inji, yana cutar da ƙasa, kuma mutumin da ya san doka ba ya kusantarsa. Na faɗi haka shekara da shekaru, na kuma yi imani da shi. Sai dai fansho ba ya miƙewa kamar yadda albashi yake yi. Don haka na koma shan ɗan kaɗan a gidan mai, inda idanun mutanen gari suke, in na wuce Ngong kuma sai in ratse bayan manyan motocin da ke tsayawa a can, in sa a juye mini jarka guda. Wajen shekara na yi a haka, ko uwargidana ba ta sani ba.

Wata rana a ƙarshen damina na taso daga gona da buhunan masara. Wanda na saba saye a wurinsa ba ya nan, sai na sayi jarkar wani da ban taɓa gani ba. Tun kafin in iso gari injin ya fara tari, farin hayaƙi yana tashi a baya. A tsakiyar gadar Binuwai motar ta mutu. Motoci suka yi layi a bayana, masu babur suna ratsawa suna faɗin abin da suka ga dama, ni kuwa ina tsaye cikin babbar riga ina roƙon sa'annin 'ya'yana su tura mini mota. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan rana ba, kuma ina ganin daga nan ne zuciyata ta fara neman wanda za ta ɗora wa laifi.

Washegari da hantsi na je garejin makanikena. Biyu daga cikin abokan majalisa sun riga ni can, wai sun zo jaje. Makaniken ya kwance filta, ya tsiyaye abin da ke ciki a wata farar kwalba, ya ajiye ta a kan benci. Ba a jima ba abin ya rabu gida biyu: ruwa a ƙasa, mai a sama. Ya shinshina ya ce har da kananzir.

"Alhaji," ya ce, "ina kuka sha wannan guba?"

Abokaina biyu suna kallona. Sai na faɗi sunan gidan man. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ai kuwa da safiyar ranar da motar ta mutu na sha mai a can. Jimla ɗaya ce kawai na rage.

Da la'asar labari ya riga ni isa majalisa. Wani tsohon malamin makaranta, abokin wasana tun ƙuruciya, ya fara, yana kirana da laƙabina na ofis.

"Shef, ka rubuta wa rabin unguwa koke, yau da abin ya shigo gidanka sai alƙalami ya bushe?"

"Ku ƙyale shi," in ji wani ɗan kasuwa, "wataƙila tawadar ma an gauraya masa da ruwa."

Aka yi dariya. Na ce abin bai kai nan ba, asara ce ta riga ta faru.

"A'a, Shef," malamin ya ce, yanzu ba da wasa ba. "Yau motarka ce, gobe motar asibiti. In irinku ba su yi magana ba, wa zai yi?"

Da na ce musu a bar maganar, da sun tambayi dalili. Wannan tambayar ce nake gudu.

Sau uku na sake rubuta takardar kafin ta gamshe ni. Na buɗe ta da gaisuwar girmamawa irin ta da, wadda yaran yanzu ba su iya ba, na kawo rana da sa'a, na bayyana abin da makanike ya gani, na roƙi hukuma ta bincika don kare jama'a. Na manna mata timbir, wato kan sarki, na ɗauki farar kwalbar nan na tafi ofishin da ke kula da harkar ciniki. Jami'in da ya karɓe ni ya taɓa koyon aiki a ƙarƙashina. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye, ya karanta takardar a tsaye, ya ce irin wannan rubutu ya ƙare a ƙasar nan. Na fito ina jin kaina kamar na da. Abin kunyar shi ne a wannan lokaci na kusan yarda da abin da na rubuta.

Cikin mako guda masu bincike suka je gidan man. An ce sun shafa wani abu a jikin doguwar sanda, wanda ke sauya launi in ya taɓa ruwa, suka zura ta cikin tankin ƙasa. Bai sauya ba. Suka ɗebi man suka gwada, ya fito da kyau. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta, na ɗauka magana ta mutu ba wanda ya ji rauni.

Ban yi la'akari da yadda manajan gidan man zai lissafa abin ba. Ga yadda ya gan shi: tanki yana da tsabta, dattijon da ya kai ƙara kuwa mutum ne da gari ya shaida ba ya ƙarya. To ashe mai zuba man ne yake da wata jarka a ɓoye, yana zuba wa mutane gurɓatacce yana karkatar da mai kyau, dabarar da aka sha jin wasu suna yi. A ranar ya sallame shi. Makanikena ne ya ba ni labari, yana murna, yana cewa Allah ya tona asirin azzalumi. Mutuncin da na yi shekara talatin ina tarawa shi aka yi hujja da shi a kan mutumin.

Na yi kwana goma ban yi komai ba. Kullum nakan ce gobe. A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, aka yi sallama, na fito na sami mai zuba man a zaure. Ya tuɓe takalmansa a waje. Na nuna masa kujera, ya zauna a gefen tabarma. Muka gaisa da tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi tsohuwar ko ta tashi. Ni kuwa ina jiran ya fara zargi, har na shirya amsoshi.

"Baba," ya ce, "na zo ne ku taimake ni da takarda. Kowa ya ce in kuka rubuta ana ji."

"Takarda zuwa ina?"

"Wurin manaja. Ku ce masa kun san ni. Shekara huɗu ina zuba muku mai, ko sau ɗaya kun taɓa ganin na yi wani abu?"

"Ban taɓa gani ba."

"To shi ke nan, Baba. Shi kawai za ku rubuta. Yara suna makaranta a nan. In aikin nan ya tafi, sai dai mu koma dutse, kuma kun san yadda can yake."

Na shiga ciki na ɗauko takarda. Na rubuta cewa na san shi mutum ne mai ladabi da riƙon amana, cewa ban taɓa zarginsa shi kansa ba, cewa ina roƙon a dubi iyalinsa. Takarda ce mai kyau, kuma kowace kalma a cikinta gaskiya ce. Jimlar da za ta cece shi ce kawai babu. Ya yi godiya har da durƙusawa, ya tafi. Manajan ya karanta, ya ce wannan tausayin dattijo ne, ba ya sauya komai.

Bayan kamar mako biyu uwargidana ta dawo daga kasuwa ta ce ta ga matar mutumin tana sayar da tukwanenta da katifa, wai suna shirin komawa gida. Ta faɗa ne kawai a matsayin labari, tana tausaya musu. A ranar ban iya cin abinci ba. Da gari ya waye na rubuta takarda ta biyu, kuma ita sau ɗaya na rubuta ta. Na ce na janye ƙarata. Na ce a ranar da motata ta lalace na sayi gazuwal na zuwa-zuwa a bayan Ngong, na sani, na ɓoye, kuma gidan man da ma'aikacinsa ba su da laifi.

Tsohon yarona na ofis ya karanta ta a zaune. Ya ninke ta, ya ce, "To, Baba, za mu rufe maganar." Bai ɗago ya dube ni ba, kuma na san don ya raga mini ne. Daga nan na wuce wurin manajan da kwafin takardar. Ya ce ya ji, ya kuma yi nadama, amma ya riga ya ɗauki wani a gurbin, ba zai kori wanda bai yi laifi ba don ya gyara korar wanda bai yi laifi ba. In wuri ya samu zai aika a kira shi.

Sai da na yi tambaya sau da yawa kafin in gano gidan mutumin da aka kora, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. Ɗaki ɗaya ne da rumfa. Ya rasa inda zai sa ni, ya kawo turmi ya kifa ya shimfiɗa masa zane. Na gaya masa komai, ban sassauta wa kaina ba. Ya saurara har na gama.

"Na sani, Baba," ya ce.

"Ka san me?"

"Abin da nake zuba muku ba zai kai ku gona ya dawo da ku da kaya ba. Kuma in na buɗe murfin tanki ina jin warinsa. Tun bara na sani."

"To me ya hana ka gaya wa manaja?"

Ya yi ɗan murmushi. "Maganata da taku, wacce za a ɗauka? Kuma a wurinmu ba a tsiraita tsoho a gaban mutane. Na ce in na zo gidanku kuka gan ni, wataƙila ku faɗa da kanku."

Ashe ranar da ya zauna a gefen tabarmata, dama ya kawo mini in gyara abin da na ɓata, ni kuwa na sallame shi da yabo. Na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana duka, ya raka ni har bakin kwalta.

Sau huɗu na koma wurin manajan a watannin da suka biyo baya, har ya fara sa a ce mini ba ya nan. Na rubuta wa wasu gidajen mai biyu, amma labarin korar ya riga takarduna isa, kuma labarin janyewar bai bi shi ba. Da kaka ta wuce, matar da yaran suka koma wajen danginta kusa da Mora, aka cire yaran daga makaranta a tsakiyar shekara. Shi ya zauna a Garwa yana dakon buhuna a babbar kasuwa, yana aika musu abin da ya samu. Har yau manajan bai aika a kira shi ba.