Ƙararrawar Baban Ehigie

A layin Igun na birnin Benin, inda gida-gida ake zubin tagulla tun kaka da kakanni, kowa ya san Ehigie da abu ɗaya: gindinsa ba ya ɗumama kujera. Shi ne ɗan farin Idehen, gwanin zubin ƙararrawa, amma gemunsa na fara tsirowa ya ce hayaƙin gawayi na sa shi tari. Ya yi acaɓa a Warri, ya sayar da kayan gyaran mota a Legas, har Kwatano ya leƙa. Duk saƙon da uban ya aika na ya dawo ya koyi sana'ar gidansu, amsar ɗaya ce: sai bayan Kirsimeti.

Kirsimetin da ya dawo da shi kuwa jana'izar uban ce. Furfura ta riga ta fara masa, amma ko riƙon awartaki bai iya ba.

Bayan an binne tsohon, ƙanen uban, Baffa Obasuyi, ya ja shi maƙera ya kwance wani ƙunshi. Ƙararrawa ce ta kakin zuma da mamacin ya gina bai kai ga zubawa ba. A gefenta, inda ya riƙe kakin yana da taushi, ga shatin babban yatsansa raɗau.

"Kai ne babba," in ji Baffa. "Kai za ka gina masa dakalin tunawa a cikin gida bisa al'adarmu, ka ɗora ƙararrawar da za a riƙa kiran ruhinsa da ita. Ga ta nan, ya yi maka rabin aikin."

"Baffa, ka zuba mana kawai. Ni fa akwai motar da nake son bi."

"Motar gidanku! Ubana ne ko ubanka?"

Abin da ya hana Ehigie sakat shi ne, a wannan sana'a kakin ba ya dawowa. Za a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa ya narke ya tsiyaye, a ɗura tagulla a gurbin da ya bari. In zubin ya ɓaci, shatin yatsan ya tafi ke nan har abada.

Ya fara koyo a kan ƙananan abubuwa, ya lalata su son ransa. Ya shafa yumɓu mai laushi, a ce ya jira ya bushe. Ya ƙara mai kauri, a ce ya sake jira. Jiran nan shi ne azabarsa. Sai ya zagaye layin, ya sayi gasasshen agada bai ci ba, ya je tasha ya tambayi motar Legas, ya dawo ya latsa yumɓun.

"Ka sake taɓa shi, da awartakin nan zan cire maka yatsa," Baffa ya ce. "Ɗan Legas, ko tuwo sai ya huce ake ci, bare ƙarfe."

Da damina ta ja baya Baffa ya ce hannunsa ya isa. Ehigie ya lulluɓe ƙararrawar ubansa, ya ɗaure ta da waya, ya sa a wuta. Yana kallo kakin ya tsiyayo yana ƙauri, sai hawaye suka zubo masa, waɗanda ko a bakin kabari bai yi ba. Suka narka tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna, ya ɗura da hannunsa, ko ɗigo bai zube ba.

"Saura ta huce," in ji Baffa. "Zan je in ci sakwara. Ka zauna."

Ya zauna. Ya tashi. Ya je bakin ƙofa ya dawo. Yatsan ya fito ko bai fito ba? Zuciyarsa ta yi ta cinsa, har dai ya ɗauki guduma ya buga. Yumɓun ya dare, amma bugu na biyu ya sauka a leɓen ƙararrawar tun tana da zafi, ta tsage siriri. Bai ma lura ba, don ya hango shatin, kowane zane ya fito. Ya ɗora babban yatsansa a kai, ƙarfen ya toye shi, ya ƙwalla ƙara.

Baffa ya shigo da gudu, hannunsa duk miya. Ya dubi tsagar, ya dubi ɗan wansa, bai zage shi ba, kuma Ehigie ya fi son a ce zaginsa ya yi. Da ta huce suka rataya mata harshe, Baffa ya miƙa masa.

Ya kaɗa. Muryar ta fito a dishe, ba ta kai ko bakin ƙofa ba.

"A sake narka ta?" ya tambaya a sanyaye.

"Yatsan fa?" in ji Baffa. "Bar ta. Haka muryar ubanka ta koma wajen kiran ka dawo gida. Yanzu sai ka zauna kusa, in kana so ya ji ka."

Har yau Ehigie na layin Igun yana zubi. Yakan je tasha ya tambayi mota, amma ya daina zuwa da jaka.