Tagogin Tanimu

Ku dai kun san Tanimu ƙanin maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗora abu a kan abu ba. Ko faranti ne sai dai a jere. Ka tambaye shi, ya ce, "Kowa da gurbinsa."

A na'ura mai ƙwaƙwalwa ya koyo wannan, tun yana saurayi mai buga wa alhazai takardu a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki. Wai a na zamanin da, in ka buɗe aiki biyu sai gilashin ya rabu biyu, in uku ya rabu uku, a jere kamar tayil ɗin ƙasa. Tagogi yake ce musu. Ni dai ban gane ba, har yau.

To, ana nan sai yanar ido ta fara rufe mini gani, ga ƙanwata Kande a Sakkwato, rabona da ita tun muna goyo. Jikana Faisal ya kawo sabuwar na'ura in gan ta kafin duhu ya gama zuwa. Ya buɗe, hoto ya hau kan hoto. Tanimu ya yi salati.

"Kai! Wa ya danne agogo?"

Faisal, da yake kiran kaka da Larabci, ya ce, "Ya Jaddi, haka ake yi yanzu."

"Yanzun banza! Agogon ya ci maka wani abu?"

Ya ƙwace, ya yini yana jerawa: ga agogo, ga lokutan salla, ga labaran gida, ga zafin gari. Kande na can lungu kamar ƙwayar gero.

Na ce, "Tanimu, wacce ce Kanden?"

"Ga ta nan, Yaya, kusa da La'asar."

Na gaida La'asar har sau biyu!

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo. Rannan na gaji, na juya baya ina share ido da mayafi. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas a na'urar.

"Yaya, juyo."

Ga Kande ta cika gilashi, ba haƙori ko ɗaya! Ta ce, "La ila! Ke ce kika tsufa haka?"

Faisal ya ce, "Jaddi ya saduda!"

"Wa? Ban ɗora kowa kan kowa ba. Sallamarsu na yi, su dawo gobe."

Fuskar Kande ita ce ta ƙarshe da na gani sosai a duniya. Allah ka haskaka wa Tanimu kabarinsa, ka sada shi da fuskokin da yake so. Amin.