Simintin Dameji

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma Turancin kasuwar Dei-Dei ya shiga kunnena tun ina suyar ƙosai a bakin layin masu siminti. Kalmar da na fara riƙewa ita ce dameji. Ba ruɓaɓɓe ake nufi ba, ba kuma jabu ba. Buhu ne da ya fito lafiya daga kamfani, sai ƙusar mota ta yage shi, ko ya suɓuce daga kan ɗan dako ya fashe. Simintin da ke ciki lafiyarsa lau, sai dai babu injiniyan da zai karɓa. Tayil ɗin da bakinsa ya ɓantare dameji ne, haka kwanon rufin da ya lanƙwashe. Abin na nan da amfaninsa, darajar ce ta tafi.

A lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun hau, kowa a Abuja gini yake yi. Unguwar Gwarinpa na haɗiye siminti kamar ba za ta ƙoshi ba. Ɗana, shi kaɗai Allah ya bar mini, yana cikin masu sauke kaya. Ƙato ne, kafaɗar ubansa ya gada. Yana tafe da buhu a ka yana yi wa na bayansa tsiya.

'Yan dako suna da al'adarsu: idan an gama sauke tirela, abin da ya zube a cikinta na wanda ya share ne. Yawancinsu ba sa so, saboda ƙurar. Shi ya so. Ɗakin da muke haya yoyo yake yi, ga shi wani dattijo ɗan asalin wurin ya ba shi ɗan fili a bayan kasuwa. Ya ce sai ya gina mini nawa. Sai ya riƙa hawa da tsintsiya, ya sauko fari fat har gashin ido. Ya tara sharar a yagaggun buhuna, ranar da babu mota ya buga bulo.

Kowane ɗan dako ya yarda madarar gwangwani tana wanke ƙirji. A huda da ƙusa, a ɗaga kai a shanye, shi ke nan an yi maganin ƙura. Kasuwar gaba ɗaya a kan haka take, har da ni. Idan na yi masa maganar tari sai ya buga ƙirji ya ce, "Inna, nan ciki ya fi falon oga tsabta."

Bango ya kai ƙugu, tarin ya fara zuwa da jini. A asibiti suka ce ƙurar ta zauna a huhu, ba ta fita. Ya koma aiki duk da haka, don bulo bai isa ba. Buhu ya faɗi daga kansa, bayan kwana biyu wani ya sake faɗuwa. Mai shagon da yake wa dako ya ce kada a ƙara sa shi a layin masu sauke kaya.

Na sauke kaskona, na ɗaura mayafin fita, na je na same shi. Ba Bahaushe ba ne, Hausar kasuwa yake yi.

Na ce, "Oga, tun shagon nan yana rumfa yake ɗaukar maka kaya."

Ya ce, "Mama, ni ba na faɗa da kai. Yaronka dameji ne yanzu. In ya faɗi a sito na, wa zai amsa?"

"To ka ba shi gadi."

"Akwai mai gadi."

Ba da zagi ya faɗa ba. Yadda yake faɗa wa mai saye halin kaya, haka ya faɗa mini. Sannan ya nuna wasu fasassun buhuna a lungu, ya ce a kai mini gida kyauta. Na dube su, na dube shi, na juya.

Da ɗana ya ji, ya daɗe yana tari kafin ya samu magana. Ya ce, "Inna, bulon layi guda na bangonmu kika baro a can." Na ce na sani. Bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma haka.

Bangon ya tsaya a daidai kafaɗata. Da damina ta matso, abokan aikinsa suka haɗo lanƙwasassun kwanuka suka rufa shi a inda ya tsaya. A ciki na yi jinyarsa. Ruwa bai taɓa shi ba, wannan kam ya samu. Kafin a yanke gero a ƙauye ya rasu.

An sha ce mini in ɗaga rufin. Duk baƙon da ya zo sai ya buga goshi a ƙofa, ni ma a sunkuye nake shiga. Ba na son bulon wani a kan nasa.